Shekarar da Na Sa Manto a Bakin Tukuba

Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ya je bakin tasha ya tambayi duk tsohon da ya samu yana hamma a kan benci. Ni ɗin nan ubanku, mahaucin da ya tsufa a bakin wuta har gashin hannunsa ya yi fushi ya daina fitowa, na taɓa sa manto a tsakiyar bazarar Damagaram. Manto fa, babbar rigar sanyin nan ta Turawa mai sauka har gwiwa, da hular ulu, da safa. Kuma ba bazarar wasa ba, irin wadda idan ka ajiye ƙwai a kan duwatsun Birni ka juya ka gaisa da mutum, sai dai ka dawo ka nemi gishiri. Na san abin da kuke gaya wa 'ya'yanku idan na ba da baya. Wannan ya ce iska ce ta taɓa ni, wancan ya ce abokan sana'a ne suka yi mini sammu, 'yar'uwarku Hadiza kuma da yake ta yi lakwal, wato boko, sai ta ce tansiyo ne, hawan jini, ya hau mini kai. Babu ko ɗaya. A shekarar nan babu mai hankali irina kaf unguwarmu. Lawali ne sanadi, kuma yau za ku ji yadda aka yi daga bakin mai manton.

Uwarku Hajiya Fassuma, tun ranar da aka kawo mini ita jikinta kamar randa yake. Mace ce da ke dafa ruwan wanka a watan da kowa ke roƙon Allah ya aiko da iska. Idan hadari ya fara haɗuwa can gabas, tun sama tana fari tas, gwiwarta ta riga ta sani, kanta ya ɗauki sara, ta ja bargo ta rufe taga. Ni kuwa Allah ya yi ni da garwashi a ciki. Ko a watan sanyi, da 'yar shara nake fita mayanka da asuba, ina jin haƙoran mutane suna kaɗawa ina mamakin abin da ya same su. Haka muka zauna shekara da shekaru, ita a ɗaki da bargonta, ni a tsakar gida a kan tabarma da fanka a kaina, idan kuran, wato lantarki, ya ɗauke in ɗauki mafici. Ba wanda ya taɓa kai ƙarar wani. Sai a shekarar nan gwiwar ta matsa mata har sallah sai a zaune. An je asibiti, an rubuto magani, ta sha, ya yi sauƙi ya dawo. Nan Hadiza ta zo da labarin wata majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya, da ta yi antire ta bar aikin gwamnati ta buɗe ɗan ɗaki a zauren gidanta can Sabon Gari. Madam Rabi ake ce mata. Wai a Kwatano ta koyo wani irin magani a wurin wasu baƙi, sunansa omiyopati, 'yan ƙwayoyi farare da ba su kai ƙwayar gero ba, a sa a ƙarƙashin harshe a bari su narke.

Na raka ta ne don in ga da idona inda za a yi mana wayo. Ina jiran a taɓa gwiwa, a ɗauko allura, sai matar nan ta gyara tabarau ta shiga tambaya kamar mai neman aure. Da hadari ciwon ya fi ko bayan an yi ruwa? Sanyin asuba ko na bayan wanka? Idan aka gasa wurin da tsumma mai ɗumi yana lafawa? Tana son taga a buɗe ko a rufe? Ruwan randa take sha ko sai ya kwana a buta ya huce? Uwarku, wadda idan na tambaye ta yaya jiki sai ta ce da sauƙi ta wuce madafa, sai ga ta ta buɗe baki kamar rediyo. Da na gaji na tambaya ko gwiwar aka zo yi wa magani ko sararin sama, sai majo ta dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, mutum biyu za su zo mini da gwiwa iri ɗaya, in ba su magani daban. Wani damshi ne ke tayar masa, wani rana. A wurinmu ba gwiwar kaɗai ake dubawa ba, har da yanayin da mai gwiwar yake tsoro."

Ta ba ta 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, da wani suna a jiki da ko limamin Turawa sai ya yi tuntuɓe kafin ya karanta. Da na ga abin ba zafi, na ce nima ina da ƙurajen da ke feso mini a baya da ƙwannafi. Na gyara zama ina jiran nawa dogon zancen. Tambaya biyu ta yi mini, ta dubi gumin da ke ɗiga daga haɓata, ta ce ni ai ba sai an wahala ba, mutumin zafi ne tun daga ƙofa. Ta miƙo mini wata kwalbar daban, mai wani sunan daban. Ko maganin yana aiki, kada ku tambaye ni. Uwarku ta ce ta ji dama, wani likita daga baya ya ce mini sukari ne zalla, ni kuma ƙurajena sun tafi lokacin da suka saba tafiya, wato da ruwa ya sauka. Ba wannan ne zancen ba.

Zancen shi ne Mushe Lawali, mushe irin na Faransanci da ake kiran malaman lakwal da shi. Ƙananan cikinku ba su san shi da ƙuruciyarsa ba, to ba ku yi asarar komai ba, yadda yake yanzu haka yake tun can, siriri kamar tsinken tsire da aka cinye naman. Ɗan kawun uwarku ne, malamin lakwal a Mirriya, ya yi antire, matarsa ta rasu. Shi da uwarku taubasai ne, kun kuwa san abin da al'ada ta ba taubashi. Zai shigo gidanka ba sallamar kirki, ya kira matarka matarsa a gabanka, ya ci tuwonka ya ce bai yi daɗi ba, idan ka ɗaure fuska a ce ba ka san wasa ba. Ni mai riƙo yake ce mini, wai ajiya aka ba ni, ran da ya shirya zai zo ya karɓi kayarsa. Kuma tsofaffin gidansu sun taɓa yin zancen haɗa su tun suna yara, ni ne na zo da cinyar rago da bakin da Allah ya ba ni na rushe maganar. Shekaru ina dariyar wasan nan tare da kowa, don na san babu abin da mutumin nan yake da shi wanda ba ni da ninkinsa. Sai wata rana ya zo gaisuwa, da ƙyalle naɗe a wuya kamar akuyar da aka ɗaure, ya hango kwalbar uwarku a kan taga. Ya ɗauka ya karanta sunan da kyau, da yake shi ɗan boko ne, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da tasa. Ashe shi ma ya je wurin majo da ciwon bayansa. Ya jera su biyu a tafin hannu, iri ɗaya sak, ya kawo mini har hanci.

"Mai riƙo, ka gani? Har likita ta shaida. Ni da matata kwalbarmu ɗaya. Kai taka ta wace ƙasa ce?"

Aka yi dariya, nima na yi, amma tuwon ranar bai wuce mini maƙogwaro ba. Daga nan gidana ya zama ofishin duba sama. Kullum waya. Da safe kafin in fita ta yi ƙara, sai in ji uwarku tana cewa ita ma tun asuba ta ji shi a gwiwar hagu, shi kuma bayansa ya ce me? Su yi ta auna hadarin da babu shi, suna gardama ko na gabas ne ko na kudu, kamar su suka ajiye shi. Labari ya bazu har manoman Gaffati da na Dogo, idan sun shigo gari, sai su biyo ta ƙofar gidana su tambaya ko gwiwar Hajiya da bayan Mushe sun daidaita, su san ko su fara gyaran gona. A gidana, da ni zaune a dakali, a wuce ni a tambayi bayan wani ƙato. Ranar da na gwada sa baki na ce nima kamar ina jin wani abu a ƙafata, sai uwarku ta maimaita wa Lawali a waya, na jiyo dariyarsa daga Mirriya ba tare da wayar ba. Ita ma ta yi dariya, kuma dariyar ce ta ƙone ni. Wata irin dariya ce ta 'yan gida ɗaya, ta mutanen da abu ɗaya ke ci, wadda ni da na cika ta da barkwanci tun tana amarya ban taɓa samun irinta ba. Ku da kuke da mata yanzu, ku faɗa mini tsakani da Allah, wa zai zauna?

Da farko hanyar mutunci na bi. Na je wurin majo ni kaɗai, da ƙunshin balangu mai zafi, na ce ta canza mini kwalba ta ba ni irin ta Hajiya. Ta karɓi naman, ta hana ni maganin. Wai nan ba bakin tukuba ba ne da mutum zai nuna tsinken da yake so a miƙo masa. Sai jiki ya canza ake canza kwalba, kuma ita ba ta ɗaukar maganar namiji shi kaɗai, don maza ba su san jikinsu ba, sai ta tambayi mutanen gidansa yadda yake kwana da yadda yake tashi. To kun ji inda manto ya shigo. Tunda shaidu ake so, na ce bari in tara shaidun da ko alƙali ba zai ture ba. Na wuce wurin 'yan gwanjo a kasuwa. Mai kayan sai da ya kwance wani ƙulli da ya ajiye sai watan sanyi, yana tambayata ko ƙasar Turawa zan tafi. Na ce masa jiki ne ya juya.

Washegari na fito da shi. Na daina shan ruwan randa, sai shayi mai tururi. Na kashe fanka na ce tana sa mini ciwon ƙashi. Na naɗe tabarmata daga tsakar gida na tare a ɗakin uwarku, na rufe tagar da ita kanta take ɗan buɗewa a bazara, na ja bargo har wuya ina nishi. Ta dube ni ta dubi bargon. A wurin sana'a kuwa, ku kwatanta da kanku: ga wutar tukuba a gaba, ga rana a sama, ga ni a tsakiya cikin ulu ina juya tsire. Gumin da na zubar a makonnin nan, da an tara shi da an huta da layin famfo a unguwarmu. Na rame har wandona ya fara neman wani maigidan. Amma duk wanda ya tambaya sai in haɗa haƙora in ce sanyi nake ji, kuma da alama za a yi ruwa. Ba a yi ba. Ko gajimare ɗaya bai taimake ni ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne masu sayen nama. Mutum zai ci tsiren mahauci mai zagi, zai ci na mai tsada, amma ba zai ci na mahaucin da ke rawar ɗari da rana tsaka ba. Direbobin da tun suna karen mota suke cin nawa sai na ga suna gaishe ni daga nesa suna wucewa wurin Idi, wani da ke can gefen kwata wanda da ƙudaje ne kawai abokan cinikinsa. Aka fara cewa tarin nan ne mai kisa, aka ce ciwon hanta ne, wata mai fura ta rantse ta ga ina tofar da jini, alhali goro ne. Sarkin fawa ya kira ni gefe, mutumin da muka yi wasan ƙasa tare, ya ce in ba ni da lafiya in je in kwanta, in kuma lafiyata ƙalau in cire wannan bala'in, don ina ɓata wa mahauta suna a bakin tasha. Da na cire a ranar, da har yau wurin nan namu ne, da ɗayanku ne a kai. Na tsaya na yi tunani, sai na tuna tafin hannun Lawali da kwalba biyu a kai. Na ce wa sarki ya ƙara mini kwanaki kaɗan.

Da na ga shaida ta nuna, na sa uwarku a gaba muka koma wurin majo. Na zauna na zuba mata duk amsoshin da na ji Hajiya ta bayar ranar farko, har na ƙara da nawa. Hadari yana sa ni ciwon kai, ruwan sanyi yana kashe mini haƙori, iskar asuba tana shiga mini har ɓargo. Majo tana kallon ruwan da ke bin hular ulu yana sauka ta hancina, na ce mata gumin sanyi ne, shi ya fi haɗari. Sai ta juya ta tambayi uwarku ko gaskiya ne jikin Alhaji ya juya haka. Nan ne na yi dogaro da abin da na sani. Matar da aka yi wa tarbiyya a Birni ba za ta ƙaryata mijinta a gaban bare ba ko da ya ce shi ne ya haƙa tafkin gari. Uwarku ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Yadda ya faɗa, Madam."

Majo ta cire tabarau ta goge, ta ce in dai haka ne to ga shi, amma in rage kayan nan kafin su kashe ni. Ta miƙo kwalbar. Na haɗa ta da ta uwarku na duba, zane ɗaya, suna ɗaya. Ban taɓa riƙe abin da ya yi mini daɗi a hannu irin wannan ba, har da ranar da aka miƙo mini Hadiza a zane.

Mai hankali zai ce in koma gida in cire manto in yi wanka. To amma amfanin kwalbar me ne ne idan Lawali bai gani ba? Kuma idan na je masa da 'yar shara ai zai ce sato ta na yi. Ranar kasuwar Mirriya na shiga mota da cikakkun kayana, aka cusa mu kamar buhunan gyaɗa, ni a tsakiya tsakanin wata mai tallan daddawa da wani mai kaji. Na sa aka rufe gilashin da ke kusa da ni don kada a samu wanda zai ba da labarin ya gan ni ina shan iska. Fasinjoji suka zage ni tun daga fitar gari har muka fara hango itatuwan Mirriya, ban kula ba, ina ta shirya maganar da zan gaya masa, magana ce da za ta sa ya koma lakwal a matsayin ɗalibi. Na sauka na bi rana har ƙofar gidansa. Na yi sallama, ya fito da ƙyallensa a wuya. Na sa hannu a aljihu, na buɗe baki, sai na ga Lawali ya zama biyu, ya zama huɗu, ƙasa ta taso ta gaishe ni.

Sauran a bakin mutane na ji. Wai shi ne ya sa almakashi ya farke manton daga wuya har ƙasa, shi ya kwarara mini ruwan randarsa, shi ya tsayar da mota ya rungume kaina a cinyarsa har asibiti a Damagaram. A duk mutanen da Allah ya halitta, shi. Na farka na ga ana ƙara mini ruwa, sarum a rataye yana ɗiga, likita yana tambayar wane ne ya bar dattijo ya dafa kansa da ransa. Kafin a sallame ni sarkin fawa ya riga ya ba Idi wurina, don ba a barin tukubar bakin tasha ta huce. Ban sake samunsa ba. Abin da ya sa kuka tashi kuka gan ni ina gasa nama a ƙofar gida ke nan, ba wai don na gaji da hayaniya ba kamar yadda nake faɗa wa baƙi. Kuma kada wani ya yi zaton nadama nake yi. Da za a mayar da ni shekarar, manton kawai zan sayo mai ɗan sauƙi.

Da yamma, ina kwance, sai ga su sun shigo tare, uwarku da kwanon kunu, Lawali a bayanta yana murmushin nan nasa. Ya fito da kwalbata da ya tsinta a aljihun manto, ya ajiye mini a kan ƙirji, ya kwance ƙyallen wuyansa ya shimfiɗa mini a ƙafa. Ya ce barka da shigowa cikinsu, daga yau shi zai riƙa kirana da safe mu ji abin da gwiwata ta ce. Da ina da ƙarfi da sandar sarum ɗin nan ta yi aiki. Da ya fita neman ruwan alwala, na juya na dubi uwarku. Na ce mata to yanzu dai magana ta ƙare, ni da ita kwalbarmu ɗaya, na bar wurin sana'ata a kai, na kusa barin raina, sai ta faɗa mini ko har yanzu akwai abin da siririn nan ya fi ni da shi. Ta gama juya kunun a hankali, ta ɗauke ƙyallen daga ƙafata ta ninke, sannan ta dube ni.

"Alhaji, ni da nake fama da sanyi, me zan yi da wani mai rawar ɗari? Wuta na aura don in ji ɗumi, ka tashi ka mayar mini da kanka randa. Lawali ɗaya ma ya ishe ni, ina zan kai biyu?"